Agogon Kifi Da Ƙarar Waya: Tsara Aiki Ga Mai Ciniki A Intanet A Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano har ya kai Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, sa'an nan ya karya hagu ya nufi Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa, zai lura da yadda ƙasa ke sauya kama a hankali. Itatuwa suna ƙara yawa, duwatsu suna bayyana, gonakin masara da shinkafa suna maye gurbin na gero, domin ruwan saman wannan yanki ya fi na arewacin jihar yawa. A ƙasar Bebeji kuma ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Masunta suna kamun tarwaɗa da karfasa a cikinta, ruwanta kuwa shi ne ke gangarawa ya shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda ake noman tumatirin da ake kaiwa har Legas.

Ciniki a wannan yanki ba baƙon abu ba ne. Abin da yake sabo shi ne irin ɗan kasuwar da ya bayyana a 'yan shekarun nan, wanda ba shi da rumfa, ba shi da yaron shago, jarinsa 'yan kuɗi kaɗan da wayar hannu. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, manhajar WhatsApp ta 'yan kasuwa ta fito a 2018, sa'an nan ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya tilasta wa mutanen karkara da yawa koyon karɓar kuɗi ta tiransifa. A yau za ka sami saurayi a Tiga yana tallan kifi ga matan aure na unguwannin Kano, ko budurwa a Doguwa tana sayar da zuma ga wanda ba ta taɓa gani ba a Kaduna. Da yawansu ɗalibanmu ne, ko kuma waɗanda suka gama sakandare ba da jimawa ba.

Irin wannan ɗan kasuwa shi kaɗai ne gayya. Shi ke sari, shi ke gyara kaya, shi ke ɗaukar hoto ya ɗora a Facebook ko a sitatus, shi ke amsa masu taya, shi ke duba alat, shi ne kuma zai ruga tasha ya ba direba webil. Ayyukan sun fi hannuwansa yawa, saboda haka dole ne wani ya jira wani. To, wane ne zai jira? Abin da na lura da shi shi ne, mafi yawansu sun bar wa waya wannan hukunci: duk abin da ya yi ƙara shi ne ke gaba. A matsayina na malamin ilimin halittu ina ganin nan ne asara take shigowa, domin kayan da yankinmu ke sayarwa ba yadi ba ne ko takalmi. Halittu ne, wasu suna da sauran rai, wasu sun mutu, kuma kowannensu yana ɗauke da nasa agogo wanda ba ya ƙara, ba ya kuma tsayawa.

Kowane Kaya Da Agogonsa

Mu fara da mafi gaggawa, watau kifi. Muddin kifi yana da rai, jikinsa yana tsare kansa daga ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatarsa, da hanjinsa, da kuma jan naman nan na ƙarƙashin kuncinsa inda yake shaƙar iska. Da zarar ya mutu wannan tsaro ya faɗi. Abubuwa biyu ne ke farawa tare. Na farko, sinadaran enzayim da kifin ke narka abinci da su sai su juya su fara narka shi kansa, shi ya sa cikin kifin da ba a feɗe ba yake fara yin laushi kafin sauran jiki. Na biyu, bakteriya su kutsa cikin tsoka suna ci suna hayayyafa, kuma abin da suke fitarwa ne hancinmu ke ji a matsayin wari.

Yadda bakteriya ke hayayyafa shi ne ƙwaya ɗaya ta rabu biyu. Akwai irin da, idan ta sami ɗumi da abinci yadda take so, takan yi haka duk minti 20. Ɗalibin da ya ƙware a lissafi ya gwada: awa 7 ta ƙunshi minti ashirin-ashirin har sau 21, idan kuwa aka riɓanya biyu sau 21 za a sami fiye da miliyan 2 daga ƙwaya ɗaya tak. Ba kullum yanayi ke cika musu haka ba, amma lissafin yana nuna mana wani abu muhimmi, cewa ɓarnar ba tafiya ɗaya take yi ba. A awannin farko ba a ganin komai, kifi yana ƙyalli kamar ba abin da ke faruwa, sa'an nan a ɗan lokaci kaɗan komai ya rikice. Wanda ya ce bari in amsa saƙonni tukuna tun da kifin lafiyarsa ƙalau, ya cinye awannin da su kaɗai ne yake da iko a kansu.

Daɗin daɗawa, ga zafi. Masana sun daɗe da sanin cewa yawancin ayyukan da ke gudana a cikin halittu suna ninka saurinsu sau biyu, wani lokaci har sau uku, idan zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Santigireti. Ke nan kifin da aka ajiye a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, yana lalacewa da saurin da ya ninka na safiyar hunturu sau da yawa. A zafinmu ɗanyen kifin da ba a sa wa ƙanƙara ba bai cika wuce yini guda ba. Wanda aka feɗe, aka wanke da ruwa mai tsabta, aka binne cikin ƙanƙara kuwa, yakan yi kwanaki. Idan ba ƙanƙara, sai a koma ga dabarar iyaye, a kyafe shi ya zama banda, domin wuta tana kashe ƙwayoyin, tana kuma janye ruwan da suke rayuwa da shi.

Shi tumatir labarinsa daban ne, don ba matacce ba ne. Bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi, yana shaƙar oksijin yana ƙone sukarin jikinsa, yana fitar da zafi da ruwa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Haka kuma idan ya fara nuna yana fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke sa na kusa da shi su ma su nuna, kuma wanda ya ƙuje ko ya fashe ya fi fitar da ita. Mai karatu ya kwatanta kwandon da aka danƙare, aka ɗora wani a kansa, aka bar shi a rana a Kwanar Gafan yana jiran mota: na ƙasa ya matse, zafin numfashinsu ba shi da mafita, etilin ta taru. Wannan ne ya sa tsince fasassu da kai kaya inuwa ya riga ɗaukar hoto, ko da kuwa hasken safe ya fi kyau ga hoto. Wanda zai aika nesa kuma ya tsinki wanda ya ƙosa amma bai gama ja ba, ya bar shi ya ƙarasa nuna a hanya. Ga mai ɗan kaya kaɗan akwai tukunyar sanyi ta marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jihar Jigawa wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa yana tashi yana tafiya da zafi. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe.

Masara ce nake so mu ɗan daɗe a kanta, domin ita ce ta fi yaudarar mai sayarwa. Buhun masara ba ya wari a yini guda, ba ya laushi, yana nan a sito shiru, saboda haka kullum shi ake ce wa gobe. Amma ƙwayar masara iri ce mai rai, kuma makomarta tana rataye ga yawan ruwan da ke cikinta ranar da aka ɗaure bakin buhu. Idan ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka, za ta yi watanni. Idan ya haura, sai fumfuna ta samu wurin zama. Manoman Tudun Wada da Doguwa suna da wannan matsala fiye da na arewa, don masararsu takan ƙosa alhali damina ba ta gama ɗaukewa ba, iska kuma tana da laima.

A cikin ire-iren fumfuna akwai wata mai suna Aspergillus flavus, wadda ke fitar da gubar aflatoksin. Duniya ta san wannan guba ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sanadiyyar cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci masarar da ta kamu da ita. Gubar tana cutar da hanta, tana cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanta, musamman ga wanda yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma dafuwar tuwo ko kunu ba ta kashe ta. Ke nan wanda ya fasa shanya masara yau don yana ciniki da wani a waya, ba jarinsa kaɗai ya sa a haɗari ba, har da yaran gidan da za su sha kokon.

Gane ko masara ta bushe ba ya buƙatar na'ura. A sami kwalba busasshiya mai murfi, a zuba masara kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka busar sosai, a girgiza, a bar shi na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, sai a mayar da ita kan tamfol. Bayan ta bushe sai batun ƙwari. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, yana toshe iska ne har ƙwarin su cinye ɗan oksijin da ke ciki su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Amma yana so a zauna a tsanake a ɗaure kowane ruɓi daban. Mai gaggawa shi ne ke yayyafa wa hatsi maganin ƙwari mai guba don ya huta, kuma irin wannan ta'ada ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

Zuma kuwa ita ce mai haƙuri. Ruwan da ke cikin nunanniyar zuma bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, sukarinta kuma yana tsotse ruwan duk ƙwayar da ta faɗa ciki. Muddin an ɗebo saƙar da ƙudan suka riga suka toshe bakinta, aka tace, aka rufe mazubi da kyau don kada ta sha laimar iska ta yi tsami, za ta jira mai saye ko shekara ce.

Me Zai Riga Me

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da tambayoyi biyu da za a yi wa kowane aiki kafin a taɓa shi. Me zan rasa idan na jinkirta wannan da awa ɗaya? Abin da zan rasa ɗin, yana dawowa ko ba ya dawowa? Mai tambayar farashi idan ya jira awa ɗaya, mafi munin abin da zai faru shi ne ya saya wurin wani, gobe kuma wani zai tambaya. Kifin da ya yi wari ba ya komawa ɗanye. Motar da ta tashi daga tasha ba ta dawowa ɗaukar webil.

Mu ɗauki misali da saurayin da ke sayar da kifi daga Tiga. Ya tashi da asuba ya tarar da saƙonni sun taru: masu tambayar nawa ne, mai neman ragi, wadda ta biya tun jiya tana tambayar yaushe kayanta za su iso, da abokin da ya turo hoton barkwanci. A ganina kada ya buɗe su tukuna. Bayan salla bakin ruwa zai nufa, ya karɓi kifi, ya feɗe, ya wanke, ya sa ƙanƙara. Daga nan sai ɗaurin kayan waɗanda suka biya, kowane da suna da lambar waya a rubuce a jiki, sa'an nan tasha kafin rana ta yi zafi. Sai kaya sun hau mota zai zauna ya buɗe waya, ya fara da sanar da masu kaya lambar direba, domin amanar wanda ya riga ya ba da kuɗinsa ita ma tana lalacewa da jinkiri, kuma da wuya ta gyaru. Masu tambaya su biyo baya. Hoto da talla su ne na ƙarshe.

Mai karatu zai iya cewa, to idan bai amsa masu tambaya da safe ba, wa zai sayi kifin da ya ɗauko? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ginshiƙin tsarin duka. Kaya mai saurin lalacewa sayar da shi ake fara yi kafin a saro shi. Watau ya yi tallansa da yamma, ya karɓi oda, ya rufe karɓa da daddare, ya san kilo nawa ake so, sa'an nan da safe ya ɗauki daidai abin da aka biya da ɗan ƙari kaɗan. Kaya mai jimiri kuwa, irin su zuma da busasshiyar masara da shinkafa, akasin haka ake yi musu: a saya da kaka lokacin da suke da araha, a kashe ƙarfi wajen busarwa da adanawa, a sayar a hankali. Wanda ya juya wannan tsari, ya cika robobi da ɗanyen kifi sa'an nan ya shiga neman mai saye a intanet, ya miƙa wa masu taya wuyansa, don su ma sun san ba zai iya kwana da shi ba.

Akwai shawarar da ke yawo a littattafan kasuwanci da bidiyon intanet, cewa wai a amsa wa abokin ciniki nan take ko a rasa shi. Wannan an tsara ta ne don kamfanonin da ke da ma'aikacin da ba shi da aiki sai amsa saƙo, kayansu kuma suna cikin sito mai sanyi. Ga mutum ɗaya da ke gefen dam da wuƙa a hannu, abin da ya fi shi ne ya sanar da lokutan da yake amsawa, misali bayan azahar da bayan isha'i, ya kuma cika su ba fashi. WhatsApp ta 'yan kasuwa tana da wurin rubuta saƙon da zai tafi da kansa idan ba ka kusa, da wurin jera kaya da farashinsu, wanda ke rage rabin tambayar nawa ne.

Ƙwaƙwalwa Ma Halitta Ce

Ba kaya kaɗai ke da iyaka ba, har da mai kayan. Akwai wani sashe na tunaninmu da ke riƙe abubuwan da muke aiki da su a yanzu-yanzu, kamar lambar wayar da aka faɗa maka kafin ka rubuta. A 1956 wani masani Ba'amurke, George Miller, ya ƙiyasta cewa abubuwa bakwai ne ko kusa da haka yake iya riƙewa a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba binciken da aka tara, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ko bakwai ne ko huɗu, wanda yake da oda goma sha biyu, kowace da sunanta da kilonta da unguwarta da ko an biya ko ba a biya ba, ya wuce iyaka nesa. Ba rashin basira ba ne idan ya aika kayan Hotoro zuwa Kabuga. Maganin kuwa mai araha ne, watau littafin rubutu da biro. Kowace oda layi guda: suna, kaya, kuɗi, an biya, an tura. Na fi son littafi a kan waya a nan, saboda caji yana ƙarewa, waya tana ɓata ko a sace ta, kuma duk lokacin da ka buɗe ta don duba oda sai wani saƙo ya ja ka. A gurbin an biya kada a sa alama don an turo hoton rasit ko don alat ya shigo, tun da alat na bogi ya yawaita. A buɗe asusun banki a ga kuɗin da ido.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma masana sun auna wannan tun 1927, lokacin da Arthur Jersild ya nuna cewa mutanen da aka sa su riƙa sauyawa tsakanin lissafi iri biyu sun fi jinkiri a kan waɗanda suka yi iri ɗaya a jere. Abin da muke kira yin aiki biyu a lokaci guda, a haƙiƙa tsalle ne ƙwaƙwalwa ke yi tsakaninsu, kowane tsalle kuma yana cin lokaci, yana buɗe ƙofar kuskure. Masu rataya amya a itatuwan gefen Falgore suna da misali a gabansu. Ƙudan zuma idan ta fita kiwo, yawanci fure iri ɗaya take bi har ta dawo, ko da akwai wasu a kusa, abin da aka lura da shi tun zamanin Aristotle. Charles Darwin ya danganta hakan da cewa kowane fure yana da yadda ake shigarsa, wadda ta saba da iri ɗaya kuwa ta fi sauri. Haka ya kamata mai ciniki ya tara ayyuka masu kama da juna: ɗauri duka a zama ɗaya, amsa saƙo a zama ɗaya, hotunan mako guda a rana ɗaya.

Me ya sa wannan yake da wuya, alhali kowa ya yarda da shi? Domin waya tana ba da lada ne ba bisa ƙa'ida ba. A cikin saƙo goma wataƙila ɗaya ne ciniki, kuma ba ka san wanne ba. B. F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa dabbar da ake ba lada jefi-jefi, ba ta san yaushe zai zo ba, ta fi nacewa wajen maimaita aikin a kan wadda ake ba a kan lokaci sananne. Saboda haka ban yarda a dogara da ƙarfin zuciya kawai ba. A kashe ƙarar saƙo, a sa wayar a aljihun jaka har a gama da kaya.

Ganga Mai Gajeren Katako

Saura tambaya ɗaya, wadda ta wuce tsarin yini ta shafi inda za a sa ɗan ribar da aka samu. Ɗaliban aikin gona sun san dokar da Carl Sprengel ya fara bayyanawa a 1828, Justus von Liebig kuma ya yaɗa ta har ta ɗauki sunansa: girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa, ba a kan jimillar abin da ke akwai ba. Akan kwatanta ta da gangar katako wadda katakanta ba tsayinsu ɗaya ba, ruwa ba ya wuce bakin mafi gajarta. Gonar da ta rasa fosfaras, ko ka zuba mata yuriya buhu goma ba za ta ba ka abin da kake so ba.

Ƙananan 'yan kasuwarmu suna yawan ƙara tsawon katakon da ya riga ya yi tsawo. Wanda odarsa ta riga ta fi ƙarfin ƙanƙararsa sai ya sayi ƙarin data ya ƙara talla, ko ya canja waya mai kyan hoto, alhali abin da yake buƙata kula ce mai riƙe sanyi, ko amintaccen direba guda da za su saba. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama gajeren katakon mutane da yawa, musamman na Doguwa da Riruwai waɗanda suka fi nisa da birni, kuma maganinsa shi ne a tsayar da ranaku biyu ko uku na aika kaya a mako, ko masu sayarwa na gari ɗaya su haɗa webil. Littafin odar nan shi ne zai nuna gajeren katakon. A ƙarshen mako a bi shi layi-layi, a ga wace oda ce ta lalace ko ta makara ko aka fasa, a rubuta dalili a gefe. Dalilin da ya fi maimaituwa shi ne wurin sa kuɗi.

Ga ɗalibin da ke aji shida yana shirin jarrabawar WAEC ko NECO, lokaci ne gajeren katakonsa. Ra'ayina shi ne kada ya taɓa ɗanyen kifi ko tumatir a lokacin zango, don agogonsu ba ya jiran a tashi daga makaranta. Idan dole ne ya yi ciniki, ya zaɓi zuma ko busasshen kaya, ya amsa saƙo sau ɗaya da yamma, ya aika kaya ranar Asabar.

Malaman kimiyya kuma za su iya nuna duk wannan a aji ba tare da ɗakin gwaji ba. A sayo tumatir guda 20 masu kai ɗaya a nuna, a raba su huɗu: kashi ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya a tukunyar sanyi, na huɗu a ɗaure cikin leda tare da nunanniyar ayaba. Ɗalibai su riƙa auna nauyin kowane kashi kullum, su rubuta launi da taushi da ranar da na farko ya ruɓe, su zana jadawali. Don gwajin ƙwaƙwalwa kuwa agogo kaɗai ake buƙata. Ɗalibi ya rubuta lambobi daga 1 zuwa 20 a layi ɗaya, sa'an nan haruffa ashirin na farko a layi na biyu, abokinsa yana auna daƙiƙoƙi. Sai ya sake, amma a wannan karon lamba ɗaya, harafi ɗaya, yana sauyawa tsakanin layukan biyu har ya gama. A rubuta lokutan kowa a allo, a ƙirga kurakurai, a fitar da matsakaicin aji na zagayen farko da na biyu.